Katangar Ba-a-gani

Mijina magini ne, kuma abokan sana'arsa sun daɗe da laƙaba masa suna Ba-a-gani. Shi kansa kam ana ganinsa sarai, don idan ya tsaya a bakin ƙofa sai ka roƙe shi ya matsa kafin haske ya shigo ɗaki. Gyaransa ne ba a gani. Bango ya tsage ka kira shi, ya zo ya duba, ya yi ɗan tsaki, ya kwaɓa abin da zai kwaɓa. Bayan kwana biyu kai mai gidan sai ka rantse ba a nan tsagar take ba. Shekara talatin da huɗu muna tare ban taɓa jin ya yi alfahari da kuɗi ba, don ba shi da su, ko da kyau, don ya san gaskiya. Amma a kan wannan suna, idan ka kuskura ka taɓo zancen, to ka nemi kujera.

Wata Talata da hantsi ina tsakar gida ina shanya, motar kwasar shara ta ƙaramar hukuma ta shigo layinmu. Layin namu ƙunci gare shi, mota ba ta iya juyawa, sai dai ta fita da baya. Ina jin ƙarar injin yana matsowa, sai kawai na ji rugum! Katangar gaba, daga ginshiƙin ƙofa har wajen taku huɗu, ta kwanta. Na ga titi, titi ya gan ni, ga wandon maigida a kafaɗata ga maƙalen shanya a bakina.

Direban ya diro yana salati, hannu biyu a ka. Ya ba ni haƙuri ya fi sau goma. Ya ce kada mu damu, hukuma tana biyan diyya, a je sakatariya kawai a cike fom. Mai shagon da ke kallon ƙofarmu ya ga komai, shi ne ma ya buga wa maigida waya a wurin aiki.

Kafin ya iso na ɗauko wayata zan ɗauki hoto. Ina cikin neman inda zan tsaya rana ba ta haske min ido ba, sai ga mutumin ya sauko daga babur ya tsaya ƙiƙam tsakanina da ɓaraguzan.

"Maman yara, me za ki yi?"

"Hoto mana. Shaida."

"Hoton gidana a rushe? A wannan wayar da ko kaza ta yi ƙwai sai kin tura wa 'yan'uwanki? Gobe gari ya waye ana cewa ku zo ku ga gidan magini. Mayar da ita."

Na mayar da ita. Na yi wauta da yawa a rayuwata, amma wannan tana cikin na gaba-gaba.

Washegari suka je sakatariya shi da babbar 'yarmu, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a makarantar firamare. Suka cike fom, aka buga hatimi, akawu ya ce za a turo mai dubawa nan ba da jimawa ba. Da suka dawo, Malama ta zaunar da ubanta kamar ɗan aji ɗaya.

"Baba, don Allah kada ka taɓa katangar nan sai mai dubawa ya zo ya gani da idonsa. Ka ji?"

"Na ji."

"Baba, ka ji?"

"Ke, ni kurma ne?"

Ya daure kwana ɗaya cur, kuma Allah ya gani ya sha wuya. Ya kasa cin abinci da kyau. Ya fita ya kalli giɓin, ya dawo, ya sake fita. Duk wanda ya wuce ya ce masa sannu da jaje, sai ya ji kamar an zage shi. Ranar Alhamis da safe ya ce zai ɗan tattara bulon ne gefe ɗaya kada wani ya yi tuntuɓe. Da azahar na leƙa na ga ya ɗaura igiya. Da la'asar sahu uku sun hau.

"Baban yara, ba haka kuka yi da Malama ba."

"Ai ba gini nake yi ba. Jerawa nake yi."

"Da siminti ake jerawa?"

Ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Ku bar ni in faɗa muku yadda aka yi aikin nan, don ko da nake jin haushi sai da na tsaya kallo. Bulon da bai fashe ba duk ya mayar da shi, don shi a wurinsa jefar da lafiyayyen bulo zunubi ne. Yashin filasta ya je har inda ya ɗebo na farko shekara ashirin da biyar da suka wuce. Da filastar ta sha iska, ya jiƙa toka da ragowar ganyen shayi ya riƙa shafawa da tsumma, yana ja da baya yana karkata kai, har launin sabo ya koma na tsoho. Ya mayar da zanen da ruwan sama ya yi daga saman katanga. Ya mayar da ƙusar da nake ɗaura igiyar shanya, da tsatsarta. Akwai wani mai gyaran famfo da ya taɓa rubuta lambar wayarsa da gawayi a jikin katangar ba tare da izinin kowa ba, maigida ya yi shekara uku yana cewa zai goge. To ita ma sai da ya mayar da ita, da irin karkataccen rubutun mai famfon.

Mai dubawa bai zo ba sai bayan mako biyar. Wani siriri ne mai fayil a hammata, da alama gidanmu ne na takwas da ya shiga a ranar. Ya gaishe mu, ya duba takarda, ya dubi katanga daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Baba, ina wurin da motar ta buge?"

A nan ne ya kamata mai hankali ya miƙa yatsa ya ce daga nan zuwa nan. Mijina sai ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya yi wani murmushi da na sani tun muna da ƙuruciya, ya ce, "Nemo."

Na mintsine shi a baya. Ko gezau.

Bawan Allah ya bi katanga yana ƙwanƙwasawa da bayan biro. Ya durƙusa, ya miƙe, ya shiga ciki ya duba ta baya, ya fito yana share gumi. Ya sake tambaya, maigida ya sake cewa ya nema, ai aikinsa ne. Daga ƙarshe ya yi rubutu layi biyu, ya rufe fayil, ya hau babur. Mijina ya shigo gida baki har kunne.

"Kin gani? Ma'aikacin hukuma guda, da karatunsa da komai. Bai gani ba!"

"Na gani," na ce. "Kuma za ka gani."

Bayan mako biyu takarda ta zo. Maigida yana karatu, amma a hankali, kuma tabaransa ya karye bai gyara ba, don shi abin da ba siminti ba bai dame shi ba. Ya karanta sakin layi na farko: jami'in hukuma ya ziyarci wurin, ya bincika katangar ciki da waje, bai ga wata alamar rushewa ko gyara ba. Nan ya tsaya. Abin da ya rage bai ga amfanin wahalar da idonsa a kai ba. Ya sa aka yi masa kwafi, ya kai wa mai shago ya manna a jikin ƙofar shago, wai ga shaidar hukuma da hatimi a kan aikinsa. Kwana uku yana zama a bencin shagon yana nuna wa duk wanda ya zo sayen sabulu.

Mutane kuwa suna da tabarau. Suna karantawa har ƙasa, su dube shi, su wuce. Mai shago ne ya kasa daurewa ya aiko a kira ni, ni kuma na kira Malama. Ta tsaya a gaban ƙofar shago ta karanta mana sakin layi na biyu da ƙarfi. Saboda haka hukuma ta ƙi amincewa da buƙatar diyya, ta kuma ɗauke ta a matsayin da'awar ƙarya. Za a lika sunan mai da'awar a allon sanarwa na sakatariya tare da sauran masu irin wannan hali. Idan bai gamsu ba, yana da kwana talatin ya ɗaukaka ƙara gaban kwamitin sauraron ƙorafi.

Maigida ya miƙe a hankali ya ɓamɓare takardar. Ya ce shi dama ba kuɗinsu ne ya dame shi ba, su riƙe abinsu, wanda ya san shi ya san shi. Malama ta yi magana har ta gaji. Ni na ƙyale shi, don na san idan ana tura shi ƙara kafewa yake yi.

Abin da ya karya shi ya zo ne bayan kwana goma. A lokacin yana yi wa wani mai kantin magani na unguwarmu ginin ɗaki biyu. Yadda mijina ke aiki tun fil azal, mai gini ya ba shi kuɗi a hannu, shi zai sayo siminti da yashi da rodi, abin da ya rage ya mayar, babu mai tambayarsa rasit. Matan da mazansu ke aiki a nesa ma shi suke ba ajiyar kuɗin gini. Ran nan an sauke siminti, sai ga ƙanin mai kantin magani ya zo da ɗan littafi, ya ce Yaya ya ce a ƙirga. Ya bi buhuna ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa da yatsa, a gaban leburori.

Buhunan sun cika, ai dole su cika. Amma mutumin da ya dawo min gida da yammar nan ba shi ne ya fita da safe ba. Ya zauna a kan tabarma bai cire takalmi ba. Na kawo ruwa bai sha ba. Wallahi sai na ji tausayinsa ya kama ni, duk haushin da na tara ya bi iska.

"Shekara talatin ba a taɓa ƙirga min buhu ba," ya ce. Can kuma ya ce, "Kira min Malama."

Malama ta rubuta takardar ɗaukaka ƙara, shafi ɗaya da rabi, da hujja ta ɗaya da ta biyu da ta uku kamar jarrabawa. Ta kai da kanta, ta tsaya sai da aka buga mata hatimin karɓa a kan kwafinmu. Aka sa mana rana. Matsalar ita ce hujjojin nan uku duk magana ce. Hoto babu, kun san dalili. Ɓaraguzai babu, ya cike ramin bayan gida da su. Shaida sai mai shago.

Ana saura kwana biyu zaman, muna shan shayi da safe, sai ya ce kamar mai magana da kofi, "Akwai bulo ɗaya."

"Wane bulo?"

"Wanda ƙarfen bayan motar ya fara cakuma. Koren fentin motar yana jiki. Har da ɓallin gilashin fitila, ja, ya nutse a ciki. Lafiyarsa ƙalau, kusurwa ce kawai ta ɗan ci, shi ya sa na mayar da shi."

Na ajiye kofina. "Yana ina?"

"Yana cikin katanga mana. Ƙarƙashin filasta."

"To ai shi ke nan, Baban yara! Magana ta ƙare!"

"Sai an fasa."

"A fasa mana."

Ya dube ni kamar na ce a sayar da ɗaya daga cikin 'ya'yanmu. Ya ce wannan katanga ita ce aikin da ya fi kowane aiki fita a hannunsa, idan aka fasa ta aka sake toshewa, ko shi ba zai iya mayar da launin nan sau biyu ba. Ya ce gaskiya ai tana da baki, za ta yi magana da kanta a gaban kwamiti, kuma kada in kuskura in ɗaga zancen bulon nan. Na ce to. Ranar zama na ɗauki babbar jakata, wadda nake zuwa kasuwa da ita, na sa gudumarsa da ƙarfen da yake fasa filasta da shi, na rufe da gyale. Alkawarin da na yi na baki ne, ban yi na jaka ba.

Ɗakin kwamitin yana hawa na biyu a sakatariya. Dogon tebur da koren ƙyalle, kujerun roba, kalandar bara, da fanka mai kuka kamar tana neman a sallame ta. Mutum uku ne a teburin: shugaba, wani dattijo mai farin gemu da ke duban mutane ta saman tabarau, injiniya, wata mace matashiya mai takalmin zuwa wurin gini, sai magatakarda. A bangon bayan shugaba akwai wata tsaga da wani ya toshe da siminti kamar da ƙafa ya shafa. Tun da muka zauna idon mijina yana kanta. Na raɗa masa ya kalli mutane. Ya raɗa min, "Dubi abin da aka yi wa bangon nan, don Allah."

Aka fara kiran mai dubawa. Ya tashi da fayil ɗinsa ya ce ya bincika katangar tsawon rabin sa'a, babu tsaga, babu bambancin launi, babu wata alama ko ɗaya da ke nuna an taɓa ta.

"Haka ne!" in ji mijina, da ƙarfi, yana gyaɗa kai.

Malama ta dafe goshi. Shugaba ya sauke tabarau.

"Malam, ka yarda da rahoton ke nan?"

"Ranka ya daɗe, rahoton gaskiya ne. Ba a gani. Amma ta rushe."

"Ta rushe, amma ba a gani."

"Yauwa, ranka ya daɗe."

Magatakarda ya sunkuyar da kai yana rubutu, kafaɗunsa suna rawa.

Aka kira direba. Tun da ya shigo bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce yana bin layuka da yawa, watanni sun wuce, ba zai iya tunawa ba. Na buɗe baki zan tuna masa salatin da ya yi da hannu biyu a ka, maigida ya taka min ƙafa. Daga baya na gane tsoro direban yake ji, idan ya amsa za a iya yanka masa albashi. Mai shago ya ba da shaidarsa tiryan-tiryan, har da ƙarar da katangar ta yi, sai da ya kwaikwaya. Shugaba ya saurara da kyau, sannan ya ce ba ya ƙaryata kowa, amma maganar maƙwabci ita kaɗai ba za ta ture rahoton jami'i ba.

Injiniya ce ta ce, "Ranka ya daɗe, gidan ba nisa. Mu je in gani. Sabon gini ba ya ɓuya."

Mijina ya yi ɗan tari. Na san ma'anar wannan tarin.

Muka ɗunguma a motar sakatariya. Kafin mu sauka layi ya cika, don mai shago ya riga ya buga waya. Har mai kantin magani na hango a bayan mutane, ya yi kamar wucewa yake yi. Injiniya ta naɗe hannun riga ta fara aiki. Ta shafa da tafin hannu, ta karce da makulli, ta ƙwanƙwasa tana kara kunne. Ta sa aka kawo ruwa ta watsa ta tsaya kallon yadda yake shanyewa. A wani wuri ta daɗe har na fara murna, sai na ga ashe tsohon ɓangaren take tuhuma. Mijina yana tsaye hannu a ƙirji, fuskarsa ta kasa zaɓar abin da za ta yi, ko murna ko tashin hankali.

Ta miƙe tana karkaɗe hannu. "Baba, idan da gaske gyara ne wannan, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na so a ce kai ka koyar da ni. Amma ni abin da na gani zan rubuta. Ban ga komai ba."

Shugaba ya nisa. Ya ce to, tunda haka ne, kwamiti ba shi da abin da zai kama. Ya miƙa wa magatakarda hannu a ba shi fayil. Na ga wani ya raɗa wa na kusa da shi magana, na ga mai kantin magani ya fara juyawa zai tafi.

Ban ce uffan ba, alkawari ne. Na zuge jaka, na ɗaga gyale, na ɗora masa guduma da ƙarfen a hannu.

Ya dubi guduma, ya dube ni. Na dube shi. Shekara talatin da huɗu ta isa mutum ya yi doguwar magana da ido. Ya juya ya dubi katangar, ya daɗe yana dubanta, sannan ya dubi bayan mai kantin magani.

"Ranka ya daɗe, a ɗan dakata."

Ya je bakin ginshiƙi ya auna da tafin hannu, ɗaya, biyu, uku, har bakwai. Ya ƙirgo sahu uku daga ƙasa. Ya durƙusa, ya kafa ƙarfen, ya yi bisimilla. Bugu huɗu ya yi, filasta ta ɓalle kamar faɗin faranti ta faɗo.

Ga bulo nan da kusurwa a cinye. Ga koren fenti ya ja layi a jikinsa, irin koren motar da muka zo a ciki sak. Ga jan gilashi kamar ƙwayar wake yana ƙyalli a rana. Daga gefensa kuma, inda ya ƙara ɓallewa, sabon siminti ne fari tas a manne da tsoho.

Injiniya ta durƙusa ta taɓa. Ta ce, "Kai!" Ta sake cewa, "Kai, Baba!" Mai dubawa ya leƙo ta kafaɗarta, ya cire hula ya sosa kai ya ce shi dai a yi masa shaida ya tambaya sau biyu. Mutane suka fashe da dariya, har shugaba.

Direba ne bai yi dariya ba. Ya matso gaban shugaba, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Fitilar hagu ce. Na rubuta cewa a juji ta fashe." Ya juyo wurin mijina. "Baba, ka yafe min."

Maigida ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Ranka ya daɗe, a duba layin nan. Ko ni aka ba motar nan sai na kwashe katanga biyu. A yi masa sassauci, yana da iyali."

Shugaba ya ce za a duba. Sannan a nan tsaye, a kan murfin mota, ya sa magatakarda ya rubuta: an karɓi ƙara, an soke hukuncin farko, za a biya diyya, za a cire sunan mai ƙara daga allon sanarwa a kuma lika takardar wanke shi a wurin. Ya ɗago ya dubi mijina ta saman tabarau.

"Saura abu ɗaya, Malam. Wannan ramin shi ne shaida. Za a turo mai hoto daga ofis. Kafin ya zo, kada ka taɓa shi. Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Hajiya," in ji shugaba, ya juyo wurina, "ke nake ba wa amana."

Kwana tara mai hoton nan ya yi bai zo ba. Na kwashe cokalin gini da duk wani abin da zai iya kwaɓa siminti na kai gidan Malama ta kulle a kabad. Rana ta uku na kama shi yana auna babban cokalin girkina da ido, shi ma na ɓoye. Ya riƙa zagaya ramin safe da yamma kamar kaza mai neman wurin ƙwai. A cikin kwanakin ne mai kantin magani ya zo da kansa, ya daɗe yana gaisuwa, ya ajiye kuɗin rufin ɗaki a kan tabarma ya ce a sayo abin da ya dace. Bai kawo zancen ƙaninsa ba, maigida ma bai kawo ba. Diyyar kuwa sai bayan wata biyu ta fito, kuma abin da na fara sa shi ya yi da ita shi ne sabon tabarau.

Ranar da mai hoto ya zo ya tafi, na karɓo kayan aiki na ba shi. Na jiƙa masa toka, na tara ganyen shayin kwana uku a kwano, na ajiye masa tsumma. Na shiga ciki na bar shi, don ba ya son a tsaya masa a kai. Ko rabin sa'a ba a yi ba na ji yana wanke cokali.

Na fito na duba. Ya toshe ramin sumul, kusurwa huɗu daidai wa daida, amma siminti ne tsirara, launinsa daban, tun daga bakin layi za ka hango shi. Kwanon toka yana nan yadda na ajiye.

"Baban yara, ka manta toka da shayi."

"Ban manta ba."

"Ai ana gani."

Ya goge cokalin da gefen riga, ya ja baya ya karkata kai yana duban facin, kamar yadda yake duban duk aikin da ya gamsu da shi.

"A gani," ya ce.